LITTATTAFANMU NA LANDAN, GARA NA AJINGI

Yayata, Allah Ya jiƙanta, ta yi sana'ar hayar littattafai a cikin gida a garinmu Ajingi tun wajen 1993 har zuwa lokacin da fina-finan bidiyo suka ɗauke hankalin mata. Duk wanda ya tashi a wancan zamani ya san yadda abin yake. Idan mijinta zai shiga Kano sarin kayan shago sai ta ba shi sautu, ya biya ta Sabon Gari ya ɗauro mata sababbin fitowa, na ɗaya da na biyu, na ukun kuwa sai a yi ta jira wata da watanni har a fara yi wa marubucin Allah-ya-isa. Yara ne 'yan aike. Yarinya za ta shigo da sallama, ta kwance kuɗi daga bakin zani, ta ce wai in ji Umma a ba ta ci gaban na jiya. Akwatin ƙarfe biyu ta cika, irin na lefen da, kuma tana da wani littafin rubutu mai layi-layi inda take rubuta sunan kowane littafi da gidan da ya tafi da ranar da ya dawo. Sai yanzu da na waiwaya na gane ashe laburare ne sukutum take gudanarwa a ƙuryar ɗaki, ita da ko ƙofar laburare ba ta taɓa takawa ba.

Bayan rasuwarta aka tura akwatunan ɗakin shirgi, damina ta yi ta zuwa tana wucewa. Ranar da aka buɗe, gara ta gama da guda ɗaya ƙarƙaf, ya koma ƙasa. Ɗayan kuma ashe tuni yara sun raba shi tsakanin mai ƙosai da mai tsire. Littafin rubutun nan kaɗai ya tsira, don yana cikin kayan sawarta.

To, a bara 'yarta, wadda ke ajin ƙarshe a sashen Hausa na wata jami'a a nan Arewa (ba zan kama suna ba, domin cutar ba ta gida ɗaya ba ce), ta zaɓi ta rubuta kundinta na digiri a kan irin littattafan da matan karkara suka karanta a shekarun 1990, ta ɗauki Ajingi a matsayin misali. Tana da abin da ba kowane ɗalibi ke da shi ba, wato rajistar mahaifiyarta, sunaye fiye da ɗari biyu. Abin da ya rage kawai ta ga littattafan da idonta. Sai ga wayarta da daddare.

"Kawu, na je laburare sau uku, babu ko ɗaya."

Na ce mata ba ta iya nema ba ne, ta jira ni. Na shirya na je da kaina, ina ta cika baki a hanya. Ma'aikatan sun karɓe mu da mutunci, wannan kam ba zan ci haƙƙinsu ba. Aka kai mu wani ɗaki da aka rubuta wa sashen Afirka a ƙofa. Ga Magana Jari Ce, ga Ruwan Bagaja, ga Shaihu Umar, ga tarin kundayen ɗalibai, sai kuma kanta guda cike da littattafai a kan Kenya da Afirka ta Kudu waɗanda da gani kyauta aka aiko da su. Na miƙa wa wani matashi rajistar, ya duba shafi biyu, ya yi murmushi.

"Baba, irin waɗannan ai ba ma ajiye su. Sai dai ku gwada kasuwa."

Na ce, "Ɗana, wace kasuwa ce ke ajiye littafin da aka buga shekara talatin da suka wuce? To wa ke kula da fannin Hausa a nan, in gan shi?"

Suka dubi juna. Daga baya wata ta ce da akwai wani da ya san kan ɗakin, amma an mayar da shi sashen ba da aro.

Wannan tambaya tawa da ta rasa amsa, ita ce dalilin wannan rubutu.

Abin da ya ƙara tunzura ni shi ne abin da malamin da ke duba aikin yarinyar ya ba ta don ta tantance sunayen marubuta da shekarun bugu. Hoton wani littafi ne da aka buga a birnin Kolon na ƙasar Jamus a 2004, wanda Farfesa Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka haɗa, jerin littattafan ƙagaggun labarai na Hausa daga 1987 zuwa 2002, ɗaruruwa, kowanne da sunan marubuci da inda aka buga shi. Littattafan kansu kuwa suna ajiye a laburaren makarantar SOAS ta Jami'ar Landan. Mai karatu, ka dubi wannan lamari da kyau. Littafin da aka rubuta a Fagge, aka buga a Sabon Gari, aka karanta a Ajingi har bangonsa ya yage, yau idan 'yar Ajingi tana son ta gan shi sai ta nemi bizar Ingila.

Bari in yi bayanin aikin da nake magana a kai, don na lura ko a cikin 'yan boko da yawa ba su san da shi ba. A manyan jami'o'in Turai da Amurka, ban da masu ba da aro da masu jera littattafai a kanta, akwai ma'aikacin laburare da ake danƙa wa yanki guda na duniya, a ce kai ne mai Afirka, kai ne mai Gabas ta Tsakiya, ke ce mai ƙasar Sin. Ni dai zan kira shi mai riƙe da fanni. Ana so ya ji harsunan yankin, ya san tarihinsa, ya san wa ke rubutu kuma a ina ake bugawa. Ana ware masa kasafi na kansa kowace shekara, shi ke zaɓar abin da za a saya. Yana da dillalai a biranen yankin da ke aiko masa da kaya, kuma lokaci-lokaci yana tashi da kansa ya je ya shiga kasuwa, ya shiga maɗaba'a, ya shiga ofisoshin jam'iyyu, ya kwaso har da abin da masu shi ke ganin shara ne. In ya dawo ya tabbatar an rubuta sunan kowane abu daidai a kundin laburare, yadda mai nema zai same shi. Sannan ɗalibi ko malami da ke bincike a kan yankin ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ya zauna da shi, ya ce masa ka bar wancan ka fara da wannan, kuma akwai wata takarda a wuri kaza da ba ka sani ba. Rabinsa malami ne, rabinsa ɗan kasuwa mai yawon sari.

Ga misali da suna da shekara. A Jami'ar Northwestern da ke garin Evanston kusa da Chikago, an kafa laburaren nazarin Afirka a 1954, wanda ke ɗauke da sunan Melville Herskovits. A 1959 aka ɗauki wani mutum mai suna Hans Panofsky ya riƙe shi, kuma bai bar kujerar ba sai 1991. Shekara talatin da biyu mutum ɗaya yana aiki ɗaya! Ba a tura shi sashen ba da aro ba don wani shugaba ya sauya. Abin da shi da waɗanda suka gaje shi suka tara bai tsaya ga manyan littattafai ba, har da jaridu da ƙasidu da fastocin siyasa da takardun ƙungiyoyi. A can ne kuma littattafan Malam Umar Falke suke, Bakano, falke kuma malamin Tijjaniyya da ya rasu a 1962. Abubuwa sama da 3,000 ne na Larabci da ajamin Hausa, waɗanda suka isa can ta hannun John Paden, mutumin da ya rubuta tarihin Sardauna. Da ɗan Arewa, Abdullahi Mohammed, ya tashi yin digirinsa na uku a kan wannan taska ta Falke, a can Northwestern ya yi shi, ya gama a 1978.

Na san abin da wasu za su ce tun kafin in rufe baki: Turawa sun sace mana kayan tarihi. Wannan waƙa na ji ta a taro ya fi sau shurin masaki, kuma duk lokacin da aka rera ta sai an yi tafi. Ba na musun an yi sata. A 1890 sojan Faransa ƙarƙashin Archinard sun kwashe littattafan gidan Shehu Umaru Futi a Segu suka kai Paris, kuma kowa ya san abin da Ingilishi suka yi wa Benin a 1897. Wannan fashi ne da makami, a kira shi da sunansa. To amma littattafan Balaraba Ramat Yakubu da na Ado Ahmad Gidan Dabino da na Bilkisu Funtuwa fa, su ma da bindiga aka ƙwace su? A kasuwa aka saye su, a kan kuɗin da yayata ke saye, a gaban idonmu, a lokacin da jami'o'inmu ke da nisan kuɗin mota kawai daga shagunan. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kuma kada a ɗauka ina cewa don ƙaunarmu suka yi. Bayan Rasha ta harba tauraron Sputnik a 1957, Amurka ta yi dokar ilimi don tsaron ƙasa a 1958, ta zuba kuɗi a koyar da harsunan duniya da nazarin yankuna, saboda ana cikin yaƙin cacar baka kuma tana son ta san mutanen da take zawarci. A Ingila ma laburarorin da ke tara kayan Afirka sun haɗa ƙungiyarsu a 1962, na Amurka suka kafa shirin haɗin gwiwa na ɗaukar hoton jaridu da takardun Afirka a 1963, daidai lokacin da ƙasashenmu ke karɓar mulkin kai. Don amfanin kansu suka yi. Abin tambaya, mu namu amfanin bai kai mu san kanmu ba ne?

Abin haushin ma shi ne ba baƙon aiki ba ne a ƙasar nan. A farkon shekarun 1950, mataimakin shugaban laburaren Kwalejin Jami'a ta Ibadan, W. E. N. Kensdale, ya taso ya zagayo Arewa yana neman rubuce-rubucen Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello, ya fitar da kundin sunayensu tsakanin 1955 da 1958. Ma'aikacin laburare ne fa, ya bar teburinsa ya shiga mota. Bayansa aka yi shirin binciken tarihin Arewa a Jami'ar Ahmadu Bello, Farfesa Abdullahi Smith ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, ga Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Jami'ar Bayero, ga Gidan Ɗan Hausa a Kano, ga cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, ga abin da Boubou Hama ya tara a Yamai. Waɗannan duk sun yi aiki, kuma duk wanda ya taɓa bincike a Arewa ya ci albarkacinsu. Sai dai akasarin ƙarfinsu ya tafi ne ga abin da ya riga ya tsufa, ya yi daraja, kowa ya yarda tarihi ne. Abin da ke fitowa yau, wanda yake da arha yau kuma ba zai samu ba gobe, shi ne maraya.

A nan ne masu suka na biyu ke shigowa, kuma su na fi jin haushi, don a cikinsu akwai abokaina. Za su ce to wai littattafan soyayya ne za a ɓata kuɗin jami'a a kansu? Wannan gardama ta tsufa. Tun shekarun 1990 ake yin ta a jaridu, Ibrahim Malumfashi ya raɗa musu suna adabin kasuwar Kano yana sukar ingancinsu, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suka tsaya musu. Ni ban zo in raba wannan faɗa ba, kuma in don ta ni ne, da yawa daga littattafan akwatin yayata shirme ne, na karanta su a ɓoye ina yaro, na sani. Amma shi Malumfashi kafin ya soke su ai sai da ya karanta su. Ɗalibin da zai zo nan da shekara hamsin yana son ya auna wa ya fi gaskiya tsakanin ɓangarorin biyu, me zai karanta? Laburaren jami'a ba hukumar tace littattafai ba ce. Mai riƙe da fanni ba ya tambayar ko littafi ya yi kyau, tambayarsa ita ce ko mutane sun karanta shi, ko zai gaya wa na baya wani abu game da mu. Wanda ke son ya san yadda matan Arewa suka ɗauki auren dole da kishi da karatun 'ya mace da saki a zamanin Babangida da Abacha, ba zai samu a rahoton gwamnati ba kamar yadda zai samu a waɗannan 'yan littattafai masu baƙar takarda.

An taɓa yin haka a Kudu. Ƙananan littattafan kasuwar Onitsha na shekarun 1950 da 1960, waɗanda 'yan boko suka raina a lokacinsu, yaƙin basasa ya zo ya tarwatsa kasuwar, yau ga su ana nazarinsu a duniya, kuma wanda ke son ganinsu cikin sauƙi sai ya leƙa tarin Jami'ar Kansas. Namu ma an fara. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba, wanda ya fito a 1990, a 2012 wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa ta Ingilishi da Aliyu Kamal ya yi. Mu kuwa a 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, a bainar jama'a aka cinna wa littattafan Hausa wuta a Kano. Ban kawo wannan don tayar da tsohon miki ba. Abin da nake cewa, ko mai ganin littattafan nan guba ne, ai asibiti ma yana ajiye samfurin cuta a kwalba don a san maganinta. Da akwai mai riƙe da fanni a lokacin, da ya je ya roƙi kwafi ɗaya-ɗaya kafin a kawo ashana.

Me ya sa ba mu da shi, ko kuma inda muke da mai kama da shi aka ɗaure masa hannu? A nawa ganin matsalar ba ta rashin masu ilimi ba ce. Tun 1968 ake koyar da aikin laburare a Zariya, ana koyarwa a Bayero, mun yaye dubbai. Matsalar tsari ce. Kuɗin sayen littattafai na jami'o'in gwamnati, wanda kaso mai tsoka nasa daga asusun TETFund yake zuwa, yana bi ne ta hanyar kwangila: sassa su kawo jerin sunaye, a ba kamfani, kamfani ya kawo kaya da rasit. Wannan hanya ta dace da littafin kimiyya da aka buga a Landan mai lamba da farashi a rubuce. To ɗan littafin da marubuciya ta buga da kuɗin adashinta, babu lambar ISBN, wani ma babu shekara, mai shago ba shi da rasit, kuma in wata uku ya wuce ya ƙare ke nan, ta ina zai shiga wannan layi? Kafin fayil ya zagayo, littafin ya zama takardar ƙunshin ƙosai.

Akwai kuma doka, wai. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa duk mai buga littafi ya kai kwafi uku ajiya. Doka ce mai kyau a takarda, amma zaune take tana jiran a kawo mata. Marubucin da ke fama da kuɗin bugu, wanda dillali bai biya shi na kashi na ɗaya ba, shi ne zai ɗauki kwafi uku ya tafi neman ofis? Sai dai a je masa. Bambancin ke nan tsakanin ɗaki mai allo a ƙofa da mutum mai ƙafa da kuɗin mota a aljihu.

Sai kuma al'adar nan ta juya ma'aikata daga sashe zuwa sashe duk bayan 'yan shekaru, wai don kowa ya san komai. Sanin fanni ba ya samuwa a shekara biyu. Sai mutum ya daɗe har dillalan Kurmi sun san fuskarsa, har iyalan malami in za su raba gado su tuna da shi, har marubuta su riƙa aiko masa da sabon bugu ba tare da ya tambaya ba. Ranar da ya kai nan, sai a ɗauke shi a kai shi buga hatimi a katin aro.

Masu suka na uku su ne yaranmu na yanzu, masu cewa Kawu ai zamanin takarda ya wuce, komai yana waya. Ku da kuke karanta labarai a intanet kun fi ni sanin amsar wannan. Ina muhawarorin da marubuta da masu sharhin fina-finan Hausa suka yi shekara da shekaru a zaurukan Yahoo tun farkon shekarun 2000? Kamfanin ya rufe zaurukan a Disambar 2020, wanda bai kwafe ba ya rasa. Ina littattafan da marubutanmu suka zuba a OkadaBooks? An rufe shi a ƙarshen 2023. Yau dubban labarai suna yawo a WhatsApp da Wattpad da Facebook, shafi-shafi, wasu an cire sunan mai su, wasu an sauya ƙarshensu, marubuciya in wayarta ta faɗa ruwa shi ke nan. Takarda ko banza tana ba gara wahalar shekara goma. Wannan kuwa dare ɗaya ya isa. Ka ga ashe yanzu ne ma aka fi buƙatar wanda aikinsa ne ya bi marubutan nan, ya nemi izininsu, ya ajiye sahihin kwafi da suna da shekara a ma'ajiyar jami'a, yadda ko don rigimar satar fasaha za a sami inda za a koma.

In dawo gida. Wani zai ce to me ke Ajingi da har za a turo ma'aikacin jami'a? Wannan tambaya ita kanta alamar cutar ce. Ƙasar Gaya, wadda muke cikinta, ba ƙaramin wuri ba ne a tarihin Kano. Labarin Abagayawa ya ce maƙerin da ya fara zama a Dala daga Gaya ya taso neman tama. Tarihin sarakunan Kano da Palmer ya fassara a 1908 ya ambaci Agalfati a sarautar Gaya a zamanin Sarki Yakubu, ya kuma ambaci tawayen Sarkin Gaya Farin Dutse a zamanin Sarki Dadi. Amma duk wannan daga bakin birni muka ji shi. Namu bakin yana cikin gafakar malaman tsangaya a Toranke da Balare da Chula da Gafasa da Kunkurawa, inda za ka tarar da waƙoƙin wa'azi da ajami, da wasiƙu, da ɗan rubutun da malami ya yi a gefen shafi cewa a shekara kaza aka yi fari ko aka yi farin ɗango. A gafakar kakana na taɓa ganin rasit ɗin haraji da na jangali a ninke, tun kafin Abubakar Rimi ya soke su a 1979. Wa ya ajiye waƙoƙin NEPU da na PRP da aka rera a kasuwanninmu? Wa ke da kaset ɗin masu wa'azi da na makaɗan noma? Wa ke tara fastocin 'yan takarar kansila da kalandun ƙungiyoyin samari? A nuna mini laburaren da zan shiga in ce a ba ni Sodangi, jaridar lardin Kano ta zamanin NORLA, ko Alfijir ta ajami da kamfanin Triumph ya riƙa bugawa, a ɗauko mini daga fitowar farko zuwa ta ƙarshe babu giɓi, ni kuwa in je in ba da haƙuri a rubuce.

Kuma ba a ce jami'a ta yi mana nisa ba. Ga ta Wudil nan tun 2001, wadda aka mayar wa suna Aliko Dangote, ga ta tarayya a Dutse tun 2011, ga Bayero a Kano. Mun zama a tsakiyar jami'o'i kamar mai zaune a bakin rijiya yana taimama. Ta Wudil za ta ce ita ta kimiyya da fasaha ce. To mai nazarin noma ba ya buƙatar sanin irin gero da dawar da aka shuka a nan kafin farin 1973, da yadda manoma suka yi suka rayu?

Abin da nake nema ba gini ba ne, don na san mu da son gini, a yanka ƙyalle a ɗauki hoto a kulle. Mutum nake nema. Kowace jami'a da ke ƙasar Hausa ta fitar da kujera guda da sunanta, mai riƙe da fannin nazarin ƙasar Hausa, a ɗauki wanda ya iya boko da ajami da Larabci, in ya ji Fulatanci ko Faransanci ya ƙara daraja, domin Maraɗi da Damagaram ma namu ne kuma suna rubutu. A ba shi kuɗin hannu da zai saya a kasuwa ya kawo bayani, a amince da ɗan littafin rasit nasa. A bar shi a kujerar ya tsufa. A auna ci gabansa da abin da ya tara da ɗaliban da ya taimaka, ba yawan maƙalun da ya buga a mujallun da ba mai karantawa kaɗai ba. Jami'o'in su raba aikin, wannan ta riƙe gabashin Kano, waccan ta riƙe Haɗeja da Gumel, don kada kowa ya sayi Magana Jari Ce kwafi hamsin a bar sauran. Shi ne kuma zai rubuta wa takwarorinsa na Landan da Evanston da Boston, inda aka ɗauki hoton rubuce-rubucen ajami da yawa, ya ce ku ba mu hoton abin da kuke da shi, mu ba ku na abin da muke da shi. Yanzu ko sun so su bayar, wa za su miƙa wa?

Ku ma marubuta ba ku fita ba. Nawa ne a cikinku ke da kwafin littafinsa na farko? Na san wanda ya buga fiye da goma, da na tambaye shi sai ya ce wani ya ara bai dawo da shi ba.

Ita dai 'yar yayata ba ta sauya batu ba, ko da yake an ba ta shawarar ta koma nazarin jigo a Ruwan Bagaja kamar kowa. Rajistar nan ta ɗauka, ta bi gidajen da uwarta ta rubuta, gida-gida, tana sallama tana cewa ita 'yar wance ce. Ashe akwai waɗanda suka karɓi haya ba su mayar ba. Wata tsohuwa ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da guda huɗu a ƙulle a leda tana ta ba da haƙuri, wai tun shekarar da aka yi rasuwar take jin nauyinsu, har tana tambaya ko za a lissafa mata kuɗin kwanakin. Da haka ta haɗa talatin da ɗaya, wasu babu bango, wasu babu shafin ƙarshe. Da su ta rubuta kundinta.

Yanzu suna cikin kwali a saman kabad ɗina, na barbaɗa maganin gara a kewaye. Na koma laburaren nan na ce ina so in ba da su kyauta tare da rajistar, wa zan damƙa wa? Aka ce in rubuto takarda zuwa ga shugaba. Na rubuta, na kai da hannuna, aka buga mata hatimin karɓa. Wata na biyar ke nan.